Sunan Juniya a Bakin Tafki

Lakhnau, 9 ga Agusta, 1986

Bhaiya Bisun,

Ram Ram. Ina gaishe ka da matarka Bhauji da yara, ka taɓa mini ƙafafun kakarmu Aji ka ce daga jikarta ne. Ni ƙalau nake, in ka cire cikina da ya yi mini tawaye kwana shida saboda ruwan famfon nan, da ƙurajen zafi da suka feso mini a wuya. Yaya ƙafarka da adda ta sara? Kar ka ce ta warke in ba ta warke ba, na san halinka.

Sati biyar ke nan da saukata a Indiya, ban taɓa zama wuri ɗaya na awa guda ba. Da safe ina makarantar horon malamai, da rana ina kan titi. Garin nan ba ya barin mutum ya tsaya. In ka tsaya keke ya buge ka ta baya, in ka matsa saniya ta tare ka ta gaba, kuma kai ne za ka ba ta haƙuri.

Abin da ke ci mini rai shi ne, fuskata irin tasu ce, amma da na buɗe baki sai asirina ya tonu. Ranar Laraba na shiga kasuwar Aminabad neman zanen sarin da Bhauji ta rubuto. Mai shagon ya saurare ni, ya ajiye almakashi ya ce, "'Yar'uwa, daga wane daji kika fito? Rabona da jin irin maganar nan tun kakata tana da haƙora." Na ce daga Fiji. Ya ce, "To, to, can wajen Madras ke nan." Da na ce sai an ƙetare teku, nan take aka kawo mini shayi, kuɗin kaya kuma ya ninka. Matar da nake haya a gidanta, Mausi muke ce mata, ta ja ni waje ta ce, "Ke daga yau in mun shigo kasuwa kurma ce ke. Ki nuna da yatsa, ni zan yi faɗan." Ka ce wa Bhauji an samu sari uku cikin shida, tukunya mai fito kuwa ta jira.

Na san ka tsallake duk surutun nan kana neman maganar Aji. Ban manta ba. Ga abin da na rubuta daga bakinta ranar da zan taho, ka karanta mata ko na yi kuskure. Sunan ƙauyen Semra, a ƙasar Basti. Tana da shekara bakwai uwarta ta riƙo hannunta zuwa cin kasuwa, suka bar yayanta Sukdeo ɗan shekara goma yana kiwon awaki, aka ce masa za a dawo kafin rana ta faɗi. A kasuwar dillalin girmit, mai ɗibar leburorin kwangila zuwa ƙetare, ya yi wa uwar daɗin baki, sai ga su a jirgin ruwa, sai gonar rake a Fiji. A gida Juniya ake kiranta, kuma tun da uwarta ta rasu ba wanda ya sake kiranta haka. Abin da take so ɗaya ne, ta ji ko akwai wanda ya san an taɓa yin ta a can.

To ga matsalar. Na je ofishin da ke ajiye taswira, na yi wuni biyu ina sintiri, wani malami ya buɗe mini littafi. Semra huɗu ne a Basti, Bhaiya. Huɗu! Ka tambaye ta wata alama, ko itace, ko rafi, ko mene ne. Tun da na ga littafin nan zama ya gagare ni.

Ƙanwarka,
Premila

*

Labasa, Fiji, 27 ga Agusta, 1986

Premi,

Ram Ram. Wasiƙarki ta iso, kowa lafiya, ƙafata ta warke, in ba ki yarda ba ki zo ki duba. Muna tsakiyar yankan rake, taragon da ke ɗiba ya makara kwana uku, raken na bushewa a gona ni ma ina bushewa tare da shi.

Malama, shafi biyu kika cika da kasuwa da shayi, maganar da ta kai ki kika manna ta a gindi. Gwamnati ce ta tura ki karatu, na sani, amma a gidan nan ba wanda ke tambayar karatunki. Aji ta sa an kai mata kujera bakin ƙofa, daga nan take hango hanya. Duk ranar da na dawo daga gari sai ta dubi hannuna kafin ta dubi fuskata.

Ba na son in tayar miki da hankali, amma jikin ba kamar yadda kika bar shi ba ne. Ƙafafun sun kumbura. Gurasar roti ɗaya take ci, shi ma sai Bhaujinki ta jiƙa mata a madara. Bakin ne dai yana nan daram. Kin san makonni biyun magabata sun kusa, lokacin zuba wa matattu ruwa. Na ce mata, "Aji, bana in sa sunan Sukdeo tare da na Baba da na kakanmu Aja? Ai ko yana raye ya haura tamanin." Ta cire takalmi ta jefe ni. Ta ce, "Kai ka binne shi? Wa ya aiko maka? Yayana yana nan da ransa sai ranar da na ji da kunnena." Shekara nawa muna wannan rigimar, kullum takalmin nan nake sha.

Na karanta mata abin da kika rubuta, ta ce daidai ne. Alama kuma ta ce akwai tafki a bayan gari, da tsamiya a bakinsa wadda aradu ta tsaga biyu amma ba ta mutu ba. Ta ce in iska ta juyo da safe ana jin kukan jirgin ƙasa, amma ba a ganinsa. Iyakar abin da ta tuna ke nan, sai ta kama zancen wata baƙar akuya.

Ki bar sari, ki bar tukunya, na faɗa wa Bhaujinki ta sha kunu ta gama. Ki je. In huɗu ne ki taka huɗun.

Yayanki,
Bisun

*

Lakhnau, 16 ga Satumba, 1986

Bhaiya,

Ram Ram. Ina fatan raken ya tafi, kumburin Aji ya sauka. Ni tari nake yi, ƙurar hanya ce ba wani abu ba.

Maganarka ta yi mini zafi, don ka sani. Kana zaton ina nan ina lasar kayan zaƙi? Tun kafin wasiƙarka ta iso na taka Semra biyu. Ranar Asabar nake fita tun da asuba, in shiga jirgin ƙasa awa shida, rabin tafiyar a tsaye da ƙunshin wata mata a kan ƙafata. Daga Basti in hau bas, inda bas ya ƙare in hau keken doki, inda doki ya ƙi in taka. Litinin da safe ina aji ina gyangyaɗi.

A Semra ta farko ba tafki, ba tsamiya, sai mata da suka kewaye ni suna taɓa agogona. Wata ta ce, "Mijinki ya bar ki kina yawo ke kaɗai?" Na ce ba ni da miji. Ta juya ta sanar wa na baya, na baya suka sanar wa na bayansu, har na fita garin ana nuna ni. A ta biyu akwai tafki, amma ban tuna na ga tsagaggiyar tsamiya a bakinsa ba. Wani tsoho mai shan taba ya ce, "Sukdeo? Muna da Sukdeo uku, wanne kike so? Ɗaya ɓarawon shanu ne." Ba ko ɗaya da ya kai sittin. Na zauna a gindin rijiya na yi kuka don haushi.

Da alamarka ta zo na koma kan taswirar. Semra ta uku mil biyu ce daga layin dogo. Ita ce, jikina ya ba ni. Ranar ashirin da bakwai zan je, kafin nan akwai jarrabawa.

Wannan karon ba zan je hannu sake ba. Na shiga kasuwa ni kaɗai, ban gaya wa Mausi ba, don na gaji da zama kurma. Na sayi kayan zaƙi akwati guda, na sayi sari na auduga mai laushi, fari tas, irin mayafin da Aji da tsofaffinmu ke sawa in za su biki. Na ce ko wace ce babbar gidan, wannan zai dace da girmanta. Mai shagon ya tambaye ni sau biyu, "Farin kike so?" Na ce ina da ido. Na yi ciniki da bakina har ya ce na yanka shi.

Ka ce wa Aji ta ci roti biyu, ina hanya.

Premila

*

Basti, 29 ga Satumba, 1986

Bhaiya,

Ina rubuta wannan a tashar jirgi, a kan gwiwata. Na samu ƙauyen, tsamiyar tana nan. Kar ka faɗa wa Aji komai tukuna. Ban san yadda zan shirya maganar ba. Zan rubuto in na natsu.

Premila

*

Labasa, 15 ga Oktoba, 1986

Premi,

Lafiyarmu ƙalau ban da wadda kika sani. Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba, raina a ɓace yake.

Wace irin takarda ce wannan? Layi huɗu, bayan wata guda muna zuba ido? Na karanta a gidan waya, na karanta a bas, na karanta a gona, har ta yage a ninki. Na gane abin da kika kasa faɗa. Kin je, kin ce ga jikar Juniya, sun dube ki sun ce wace Juniya. Ko kuma sun ce mu 'yan ƙetaren teku ne marasa asali, sun kore ki kamar akuya. Bhaujinki ta ce watakila ba kowa a gidan sai kango. Tun shekaranjiya muke musu a kan wanne ne ya fi muni.

Kuma kin ce kar in faɗa mata. Kin manta da wa kike magana? Aji ba ta karatu amma ta san kan sarkin Indiya. Na ɓoye takardar a aljihu, ta ce, "Fito da ita." Na ce ta kamfanin taki ce. Ta ce, "Kamfanin taki ne ya sa ka ɓoye ta a aljihu?" Na yi mata ƙarya, Premi. Na ce kin ce ruwa ya yanke hanya ba ki samu zuwa ba. Ta dube ni kawai, ta ce a mayar da kujerar ciki. Tun ranar ba ta sake fitowa bakin ƙofa ba, ba ta sake tambaya ba. Da ta jefe ni da takalmi da ya fi mini sauƙi.

Likita ya zo ya ce zuciyar ta gaji. Bai ce wata nawa ba, ni ma ban tambaya ba. Rabin roti take ci yanzu.

Ke kika ɗauki saƙon nan, ba ke za ki zaɓa mata abin da za ta ji ba. Matar da ta yi yankan rake da ciki wata takwas ba maganarki ce za ta karya ta ba. Shirunki ne ke cinye ta. Ki zauna yau, ba gobe ba, ki rubuto komai yadda ya faru, ko da zagi ne. Ni zan karanta mata, ba zan tsallake ko harafi ba.

Bisun

*

Lakhnau, 30 ga Oktoba, 1986

Bhaiya,

Ram Ram. Jiya wasiƙarka ta same ni, na karanta a tsaye a bakin ƙofa. Ka yafe mini. Na fara rubuta wannan sau biyar cikin watan nan ina yagawa. Ba su manta da ita ba. Ka fara faɗa mata wannan kafin ka ci gaba.

Na kwana a Basti, na isa ƙauyen da hantsi. Tun daga nesa na hango tsamiyar, a tsage kamar an sara da gatari, rassa biyu kowanne ya kama gabansa. A bakin tafkin maza ne a jere cikin ruwa zuwa gwiwa, sai na tuna ashe muna cikin makonnin magabata. Na tsaya a gefe da ƙunshina ina jira su gama in yi tambaya.

Na kusa da ni wani mutum ne siriri, zai yi hamsin da biyar, yana ɗibar ruwa da baƙin riɗi a tafin hannu yana zubawa, yana kiran sunaye da ƙarfi yadda kake yi. Ya kira Sukdeo. Ya kira wasu da ban sani ba. Sai ya ɗebi ruwa ya ce, "Juniya."

Bhaiya, akwatin zaƙin ya suɓuce mini. Ban san lokacin da na shiga ruwan da takalmina ba. Na ce, "Wace Juniya kake kira?" Ya ja baya ya ce, "Ke wace ce? Mace ba ta shigowa nan." Na ce, "Ka amsa mini!" Ya ce, "Ƙanwar ubana. Ta mutu tana yarinya, tun kafin a haife ni." Na ce, "Tana Labasa tana cin roti da madara."

Sunansa Tirat, ɗan Sukdeo ne. Sai da muka yi awa biyu kafin ya yarda. Da farko ya ɗauka gona na zo raba, ya ce, "In filin ne, kadada ɗaya ce da rabi, mu tara muke ci." Na ce raken yayana kaɗai ya fi ƙauyen nan faɗi, ka yafe mini ƙarin gishirin. Da na ambaci baƙar akuyar sai ya zauna a ƙasa. Ya ce labarin akuyar nan ya ji shi ya fi sau ɗari.

Ga abin da ya faru. Da uwar da yarinyar ba su dawo ba, aka yi shekara ana nema. Daga baya wani ya ce ya gan su a sansanin 'yan girmit. Dattawan gari suka ce wanda ya ƙetare baƙin ruwa, wato teku, ya fita daga dangi, ya mutu. Aka yi mutum-mutumin ciyawa aka ƙone a madadin uwar, aka yi mata duk abin da ake yi wa gawa. Yarinya kuwa malamin ibada ya ce ba a kiran sunan ƙananan yara wajen zuba ruwa. Sukdeo ya ƙi. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake shiga tafkin nan, ya kira uwarsa, ya kira Juniya. An yi masa faɗa, an yi masa dariya, bai fasa ba. Wai cewa yake, "Yarinyar nan ba ta jure ƙishi, ko kasuwa za a je sai ta tsaya a kowace rijiya." Shekara saba'in yana yi.

Ya rasu shekara huɗu da suka wuce, lokacin sanyi. Tirat ya ce maganarsa ta ƙarshe ita ce, "Kar ka tsallake Juniya."

Ka ga abin da ya ɗaure mini hannu? Yaya zan rubuto cewa yayan da take jefe ka da takalmi a kansa ya mutu, kuma su a wajensu ita ce matacciya tun kafin a haifi Baba?

Sauran ma ba daɗi. Sun ba ni abinci a kan ganye a tsakar gida, shayi a kofin ƙasa wanda aka fasa bayan na sha, don ba su san da wa muka cuɗanya a can ba. Na haɗiye. Sai na miƙa wa matar Tirat sarin. Ta buɗe, ta yi ihu ta yar kamar ta taɓa wuta. "Mijina na zaune da ransa ki kawo mini kayan takaba? Daga zuwanki?" Ashe a nan fari na wadda mijinta ya mutu ne kaɗai. Mu da muka tashi muna ganin tsofaffinmu cikin fari a kowane biki, ina zan sani? Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tirat ne ya ɗauke shi ya kakkaɓe. Ya daɗe yana riƙe da shi. Ya ce, "Mijinta na raye?" Na ce Aja ya rasu tun ina firamare. Ya shiga ɗaki ya ɗora sarin a kan gadon ubansa, ya fito da shi ya ninke ya ba ni. Ya ce, "A wajenmu tufafin ƙarshe na 'ya mace daga gidan ubanta yake fitowa. Ba mu yi mata na aure ba. Ki kai mata wannan ki ce daga gida ne." Na ce ni na saya da kuɗina. Ya ce, "Ya kwana a gadon Sukdeo ko na minti ɗaya ne, ya zama namu."

Ya rako ni har inda keken doki yake, yana ta murza hannu. Ya ce in tambaye ta abu ɗaya, don hankalinsa ba a kwance yake ba. Kiran mai rai cikin matattu babban laifi ne, ga kuma wasiyyar ubansa. Shin baɗi ya cire sunanta ko ya bari? Ya ce abin da ta ce shi zai yi.

Na kai sarin gidan waya yau. Sai da tela ya ɗinke shi cikin farin ƙyalle aka ɗiga jan kaki a kan ɗinkin, haka dokarsu take, na aiko ta jirgin sama tare da wannan. In ka ga bai kamata ta gani ba, ka ɓoye. Garin nan ya cika da fitilun bikin Diwali da ƙarar wasan wuta, ni kuwa na kasa zama na kasa tsayuwa. Ka rubuto da wuri.

Ƙanwarka,
Premila

*

Labasa, 24 ga Nuwamba, 1986

Premi,

Ram Ram. Ki samu wuri ki zauna, ko sau ɗaya a rayuwarki. Aji ta rasu ranar Alhamis ashirin ga wata, da rana tsaka, Bhaujinki na riƙe da kanta. Wasiƙarki ta riga, da kwana shida. Na faɗi wannan da farko don na san shi za ki fara tambaya.

Na karanta mata duka kamar yadda na yi alkawari. Da na zo inda Tirat ya kira sunan, ta ce, "Maimaita." Na maimaita. Ta ce, "Ba haka ba, da ƙarfi, kamar kana kiran yaro daga gona." Na ɗaga murya na ce, "Juniya!" Ta ce, "Na'am." Premi, ni da gemuna sai da na fita waje.

Da na karanta rasuwar Sukdeo ba ta yi kuka ba. Ta ƙirga da yatsu ta ce, "Huɗu." Wajen maganar ƙishi kuwa dariya ta yi har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Munafuki, shi ne fa ke shanye ruwan goran ya ce akuya ce." Sannan ta ce, "Shi ya sa. Duk matan layinmu na leburori suna faɗuwa a gonar Bature don ƙishi, ni ban taɓa faɗuwa ba. Ashe ana ba ni."

Sai ta ce in kawo butar tagulla da riɗi in ɗauke ta zuwa gindin mangwaro. Na ce, "Aji, makonnin sun wuce, kuma mace ba ta yi." Ta ce, "Shi da ya yi mini, an ce masa ana yi? Shekara saba'in yana shayar da ni, ni na bar shi shekara huɗu ba ko ɗigo. Ɗauke ni, ko in rarrafa." Na ɗauke ta, ba ta fi ɗaurin rake nauyi ba. Rabin ruwan a zaninta ya zube, amma ta kira shi sau uku. Ranar ta ci roti biyu.

Ƙunshin ban ɓoye ba. Ita ta warware ɗinkin da kanta, zare ɗaya ɗaya, ta hana a sa almakashi. Ta shinshina sarin ta ce ƙamshin shago yake, ba na gida ba, amma ta sa shi ƙarƙashin matashinta ta hana kowa taɓawa. Ta ce in gaya miki ke sakarya ce da kika kai wa matar aure fari, kuma wadda ta fasa kofin bayan kin sha, da tana kusa da ta ji takalmi. A cikinsa muka naɗe ta.

Maganar da na yi miki a wasiƙar baya, ki bar ta ta wuce. Na karanta layi huɗu na gina gari guda a kansu.

Saura tambayar Tirat. Na yi mata ita ranar Talata, kwana biyu kafin. Ta ce, "Ka ce wa yaron kar ya cire. Ubansa bai yi kuskure ba, sauri kawai ya yi. Baɗi zai same ni a inda yake kira."

Kar ki aika masa a takarda. Ki hau jirgin nan naki na awa shida ki faɗa masa da bakinki, ko a kan ganye za su sake ba ki abinci. Ki ce masa kuma baɗi in ya shiga tafkin, akwai wani a Labasa a gindin mangwaro yana kiran sunaye biyun nan tare da shi.

Yayanki,
Bisun